Amfilinka na gurnani? Ga yadda ake gano ciwon

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, yanzu da wuya ka shiga gari ba ka tarar da amfili ba: a masallaci, a wurin biki, ko a ɗakin saurayin da ya komo daga cin rani. Kukan masu shi kusan ɗaya ne. Da an kunna shi sai ya kama gurnani kamar zuma cikin kogon kuka. Wani ya yi ta bugun akwatin. Wani ya kwashi kuɗin wakensa ya sayo sabon oparlar, alhali tsohon lafiyarsa lau.

Kafin ka kashe ko dala, ka gano inda gurnanin ke fitowa. Rage murya har ƙarshe. Kara kunnenka kusa da akwatin amfili, sannan ka kara shi kusa da oparlar.

In daga cikin akwatin yake fitowa, aikin taransfo ne. Shi ne ƙarfen nan mai nauyi da ke rage ƙarfin kuran. An yi shi da fallayen ƙarfe sirara, an manne su, an naɗe su da wayar jan ƙarfe. Kuran na NIGELEC, mai volt 220, kai da komowa yake yi sau 50 cikin sakan guda. Kowane zuwa da kowace komowa sai ƙarfen ya ɗan motsa, wato sau 100 ke nan. Wannan motsi shi kunne ke ji. Saboda haka ɗan gurnani kaɗan ba ciwo ba ne, halin taransfo ne.

Abin da ke ƙara shi sau da yawa wurin ajiya ne. Amfilin da aka ɗora bisa akwatin ƙarfe ko tebur maras ƙwari, sai wurin ya amsa kamar ganga. Sauke shi, ka shimfiɗa masa tsohuwar robar taya. In noti ne ya kwance, mai gyara zai ɗaure shi nan take.

Wani lokaci kuma laifin wutar ne. Gurup ɗin da ya gaji, ko na'ura mai araha da ke juya wutar batir ta koma kuran, irin ta masu pano, ba su ba da wuta mai tsabta. Taransfo ya yi ta kuka, ya yi zafi. Ɗauki amfilin ka gwada shi gidan da ke da wata wuta. In ya yi shiru, ka san ba shi ne mai ciwo ba. Masu sayen kayan gwanjo, ku duba rubutun da ke bayan akwati. Kayan Amurka na volt 110 ko 120 ne. In aka sa su kai tsaye ga wutarmu, ƙonewa za su yi.

To, in daga oparlar gurnanin ke fitowa fa? Cire duk abin da ke shiga amfili: mikoro, rediyo, salula. In ya yi shiru, mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Yawanci wayar mikoro ce ta tsinke daga ciki, ko an jera ta tare da wayar kuran. Raba su. Salular da ke bisa caji ma takan kawo shi.

Amma in ka cire kome, gurnanin na nan, kuma rage murya bai rage shi ba, to kondansater ne suka bushe. Zafin bazara na cin su. Wannan aikin mai gyara ne. Kada ka buɗe akwatin da kanka, domin suna riƙe wuta ko bayan an cire firiz.

Ranar da ka ji warin ƙuna, ko akwatin ya yi zafin da hannu ba ya iya tsayawa a kai, cire shi daga wuta nan da nan. In fizibil ya ƙone, a sa irinsa daidai. Masu cusa guntun waya ko takardar sigari a madadinsa suna jawo gobara, balle a ɗakin da aka rufe da kara.