Ranar da Faifai Ya Mutu a Rumbun Bayanai

Yau za mu leƙa ɗakin nan mai sanyi da ba kowa ake bari ya shiga ba, inda bankuna da kamfanonin waya ke jibge bayanansu. Akwatunan ƙarfe ne a jere, kowanne maƙare da faya-fayan ajiya, kowane faifai da 'yar fitilarsa koriya. Duk ranar da injiniya ya shigo ya tarar ɗaya ta koma ruwan goro, ya san an yi rashi.

Ba abin mamaki ba ne. Kamfanin Backblaze na Amurka, wanda ke wallafa alƙaluman faya-fayansa tun 2013, yakan rasa kusan ɗaya zuwa biyu cikin ɗari a shekara. Mai faifai 1,000 kuwa, da wuya wata ya wuce bai yi jana'iza ba.

Dabarar kare bayanai daga irin wannan rashi, wadda ake kira RAID, ta samo sunanta daga wata maƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya a Bakli suka gabatar a 1988. Mafi sauƙinta RAID 1: abin da aka rubuta a wannan faifai, a rubuta a wancan. Akwai kwanciyar hankali, amma rabin kuɗinka ya tafi a kwafi.

RAID 5 ta fi wayo. Ku ƙaddara mutum uku ne, ɗaya na riƙe da lamba 4, ɗaya 7, ɗaya 9, na huɗu kuma an ba shi jimla, wato 20. Idan mai 7 ya ɓace, sai a ɗebe 4 da 9 daga 20, ga 7 ta dawo. To idan mutum biyu suka ɓace fa? Shi ke nan, lissafi ya watse. RAID 6 tana ajiye lissafi iri biyu, don haka tana jure mutuwar faifai biyu.

Ga faifai 8, kowanne terabait 20: RAID 5 za ta bar maka terabait 140, RAID 6 ta bar 120, tsarin kwafi kuma 80 kacal. Mai rattaba hannu a takardar kuɗi, idonsa na kan 140, kuma a nan nake ganin arha kan zama tsada. Domin sa sabon faifai ba shi ne ƙarshen magana ba. Sai an karanta sauran bakwai ɗin kakaf an sake gina abin da ya ɓace. A gudun megabait 200 cikin daƙiƙa, cika terabait 20 na cin kusan awa 28, in ba a taɓa injin ba ke nan. Alhali abokan ciniki ba za su daina tura kuɗi ba don faifanka ya mutu, sai aikin ya kai kwanaki. Duk tsawon lokacin babu kariya ko ɗaya, ga tsofaffin faya-fayai ana tatsarsu ba dare ba rana.

Kuma sa'o'in juna ne fa, rana ɗaya aka sayo su, rana ɗaya aka kunna su. A Nuwamban 2019 kamfanin HPE ya yi gargaɗi cewa wasu faya-fayansa samfurin SSD na da kuskure a manhajar cikinsu: da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8, sai su mutu murus, bayanan ciki kuma ba sa dawowa. Waɗanda aka kunna tare, kusan tare za su tafi, ko RAID nawa aka tsara. Kamfanin ya fitar da gyaran manhajar, ya ce a sa shi kafin agogon ya cika. Wanda ya makara kuwa, sai dai ya nemi kwafin da ya ajiye a wani wuri daban.