Kafin ka ƙara wa ɗan haya kuɗi, yi wannan lissafin

Idan Baba ya damƙa maka kula da gidan haya a Wurno, Rabah ko Goronyo, abu na farko da za ka gane shi ne, nan ba birnin Sakkwato ba ne. Ba kullum ake layin neman ɗaki ba. Masu haya sanannu ne: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, 'yan bautar ƙasa, 'yan kasuwar albasa da shinkafa, sai kuma iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu.

Yi lissafi. A ce ɗaki naira 5,000 ne a wata, ka ƙara 1,000. Ribarka a shekara 12,000 ce. In mutumin ya yi fushi ya tashi, ɗakin ya kwana wata 3 a kulle, 15,000 ta tafi, ban da fenti da la'adar dillali. To wa ya ci riba?

Saboda haka, riƙe wanda ke hannu. Gyara rufi da indararo tun kafin ruwan Yuni, kada ka jira sai katifarsa ta jiƙe. Mutanen yankin Rima ba su manta da ambaliyar 2010 ba, sun san aikin ruwa. Makewayi ya cika, a kwashe. Rijiya ko burtsatse ya lalace, a gyara da wuri.

Sannan ka san lokacin da kuɗi ke shigo wa mutum. Ma'aikaci ƙarshen wata yake jira. Manomin rani da ke ban-ruwa daga madatsar Goronyo sai ya cire amfani. Tsara biya daidai da haka, ba ka tsaya ƙofarsa da asuba kana ɗaga murya gaban iyalinsa ba.

Ku rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa: nawa ne kuɗin, wa zai biya wuta, wata nawa za a ba da sanarwa kafin ƙari. Ya turo kuɗi ta waya, tura masa rasit a WhatsApp. Kuma don Allah, bashin haya ba abin ɗorawa a Facebook ba ne.

Wanda ya gudo daga ƙauye kuwa, kada ka mai da tashin hankalinsa kasuwa. Ƙura za ta lafa in Allah ya so, kuma a ƙaramin gari labarin mai gida yana riga dillali isa kunnen mai neman ɗaki.