Kwamfuta Na Daskarewa Ana Tsakiyar Gem: Abubuwan Da Ya Kamata Ka Sani

Kukan masu buga gem a kwamfuta kusan iri ɗaya ne. Ƙalau take in ana rubutu, ko shiga intanet, ko kallon fim, amma da an buɗe eFootball ko GTA V ko Call of Duty, kafin a je ko'ina sai ta tsaya cak. Hoto ya sandare, sauti ya maƙale wuri guda yana gurnani, a danna nan a danna can, shiru.

Mutane da yawa a nan sai su ɗora wa gem ɗin laifi. Sau tari ba shi ne mai laifin ba. Gem shi ne aikin da ke tayar da komai na cikin kwamfuta lokaci guda: firosesa, katin hoto, ram, rumbun ajiya da akwatin wuta. Kwamfutar tebur da wat ɗin da take sha wajen rubutu bai kai 100 ba, tana iya haura 400 in gem mai nauyi ya kankama. Duk sashen da ke da rauni, a lokacin ne asirinsa ke tonuwa.

Shi ya sa ba na goyon bayan maganin nan da ake saurin bayarwa, wato «a yi mata fomatin». Fomatin yana gyara ɓarnar manhaja ne kawai. Ba ya share ƙura, ba ya ƙara wa akwatin wuta ƙarfi, kuma yana goge bayanan da Windows ta tara kan matsalar, waɗanda su ne za su nuna inda ciwon yake.

## Yaya take daskarewa?

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, ka lura da salon daskarewar, domin kowane salo da inda yake nuni.

In gem ne kaɗai ya tsaya, za ka ga Ctrl da Shift da Esc sun buɗe maka Task Manager, ka rufe shi ka ci gaba da harkarka. Wannan ya fi kama da matsalar gem ɗin ko ta manhaja. In allo ya yi baƙi na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya dawo, direban katin hoto ne ya faɗi ya tashi. Windows tana jiran katin hoto daƙiƙa 2 ne, in bai amsa ba sai ta sake tayar da direbansa. Kai ma kana iya yin hakan da hannunka: danna maɓallin Windows tare da Ctrl da Shift da B.

In kuwa komai ya sandare, gwada maɓallin Caps Lock. Fitilarsa ba ta kunnuwa ba ta mutuwa? To kwamfutar gaba ɗaya ce ta tsaya, kuma zargi ya fi karkata ga ram, firosesa ko katin hoto. Wadda kuma ke ɗaukewa ɗif kamar an zare fulogi, ta sake tashi da kanta, wuta ko zafi za a fara tuhuma.

Lokaci ma shaida ne. Wadda ke yin minti 20 ko 30 lafiya kafin ta tsaya, kuma ta fi yi da rana tsaka, tana faɗa maka zafi ne. Wadda ke tsayawa a wuri ɗaya tak cikin gem ɗaya tak, fayilolin wannan gem ɗin ne abin dubawa.

Bayan ta tashi, rubuta perfmon /rel a akwatin Run. Zai buɗe maka jadawalin abin da ya faɗi, rana bayan rana. A Event Viewer kuma, lamba 4101 tana nufin direban hoto ya daina amsawa, kuma in katin na Nvidia ne za ka ga sunan nvlddmkm a jiki. Lamba 41 ta Kernel-Power tana tsorata mutane, alhali abin da take cewa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba ta hanyar da ta dace ba. Ko kai ne ka danne maɓallin kashewa, ita za ka gani.

## Zafi da ƙura

A ƙasarmu nan ya kamata a fara. Mu a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi zafin bazara yana haura digiri 40 a watan Afrilu. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. In ɗakin ya yi zafi, zafin duk abin da ke cikin akwatin kwamfutar zai ƙaru da kusan gwargwadon haka. Ga kuma hunturu, da ke cusa ƙura mai laushi tsakanin siraran ƙarafan da ke fitar da zafi har ta toshe su kamar auduga.

Kada ka auna da tafin hannu. Sauke HWiNFO ko MSI Afterburner, ka bar shi a buɗe yayin da kake gem, sannan ka duba adadi mafi girma da ya rubuta. Yawancin firosesocin Intel na tebur iyakarsu digiri 100 ne. Ryzen 7000 na AMD an yi yawancinsu ne su kai 95 suna aiki, don haka ganin 90 a kansu ba abin tayar da hankali ba ne. Katunan Nvidia da dama suna fara rage gudu a wajen 83. Da na'ura ta taɓa iyakarta sai ta sassauta da kanta, kai kuma ka ga gem yana cijewa yana saki. In sassautawar ba ta wadatar ba, sai ta kashe kanta don kada ta ƙone.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Cire murfin gefen akwatin kwamfutar, ka saita fankar ɗaki tana hura ciki, ka buga gem ɗin da ya saba tsayawa. In ya wuce lafiya, ka kama ɓarawonka. Sai a kashe, a zare fulogi, a hure ƙurar da bulowa, ana riƙe da fukafukan fanka da yatsa don kada iska ta juya su fiye da kima. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi yana bushewa da shekaru, kuma laftof ɗin kwatano da ya yi shekara biyar a hannun wani kafin ya iso gare ka, da wuya a ce an taɓa canza masa. Canza man nan aiki ne mai araha da ke sauke zafi sosai.

Mai laftof kuma ya daina ɗora shi kan katifa ko darduma. Ta ƙasa yake shaƙar iska.

## Wuta, ta cikin akwati da ta bango

Akwatin wuta shi ne sashen da aka fi yi wa rowa wajen haɗa kwamfuta, kuma wannan kuskure ne mai tsada. Katin RTX 3080 da ya fito a 2020 wat 320 yake sha, Nvidia kuma ta ce a haɗa shi da akwatin wat 750. Dalilin tazarar shi ne katin hoto ba ya shan wuta bai ɗaya. Yakan yi wawura ta ɗan ƙanƙanin lokaci, wadda ta zarce adadin da aka rubuta nesa ba kusa ba, sai akwati mai rauni ya ɗauka haɗari ne ya yanke wuta. Saboda wannan wawura ne tsarin ATX 3.0 na 2022 ya wajabta wa sababbin akwatuna jure ta.

Wat ɗin da ke jikin takardar akwati maras suna ba abin dogaro ba ne, kuma ko mai kyau yana gajiya da tsufa. Ka duba wayoyi ma. Kowace kafar wuta mai fil 8 a katin hoto wat 150 aka tsara mata, don haka kati mai kafa biyu gara a ba kowace wayarta daban daga akwati, maimakon waya ɗaya mai baki biyu. Gargaɗi biyu kuma: kada ka buɗe cikin akwatin wuta, domin yana riƙe caji ko an zare fulogi, kuma kada ka ɗauki wayar wani akwati ka sa a wani don ka ga bakin ya shiga. Tsarin fil ɗinsu ya bambanta, yin haka na ƙona kaya.

Sai wutar bango. Ya kamata ta zo wajen bolt 230, amma kowa ya san yadda take zuwa da rauni da yamma, har fanka ta riƙa juyawa da ƙyar. Akwatuna masu kyau suna karɓar daga 100 zuwa 240, masu araha da yawa kuwa daga 200 suke farawa. Ƙaramin janareta yana tangal-tangal duk lokacin da firji ko famfon ruwa ya tashi, sannan inbata mai araha da ba ta fitar da wuta mai santsi ba ta jituwa da akwatunan zamani. In daskarewar ta fi yawa a kan janareta, ka san inda za ka nufa. Sitabilaiza ko UPS mai isasshen ƙarfi shi ne magani.

A laftof, caja ce akwatin wuta. Laftof ɗin gem da ya zo da cajar wat 180, in aka ba shi ta 65 don bakinsu ɗaya, zai yi ta rage gudu, batir na zubewa alhali yana jone.

Don raba gardama, ka rage iyakar wutar katin zuwa kashi 70 ko 80 cikin 100 a MSI Afterburner, ka kuma ƙayyade gem a hoto 60 cikin daƙiƙa. In matsalar ta ɓace, tana tsakanin wuta, zafi da katin kansa.

## Ram

Ram tana daskarar da kwamfuta ta hanya biyu. Ta farko ƙaranci ne: gigabait 8 ta yi wa gem ɗin zamani kaɗan, balle an bar shafukan Chrome birjik a baya. Task Manager zai nuna maka in ta cika.

Ta biyu ta fi wuyar ganewa, wato kuskuren lissafi. Gudun da ake rubutawa a kwalin ram, kamar 3200 ko 3600, yawanci ba ya samuwa sai an kunna XMP a cikin BIOS, ko EXPO a sababbin AMD, kuma wannan tura ta ne sama da gudunta na asali. Ba kowace madabod ke ɗauka ba, musamman in an gauraya sandunan kamfanoni daban-daban. Kashe XMP ko EXPO ɗin ka gwada kwana biyu. Sannan ka sa MemTest86 a filas, ka tashi kwamfutar da shi, ka bar shi ya gama zagaye 4. Kuskure ko ɗaya ne ya isa hujja. Daga nan sai a cire sandunan a riƙa gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci cirewar da mayarwar kaɗai ke gyarawa, don ƙura ce ta shiga ramin.

## Direba da sauran manhajoji

Sabon direba ba kullum ne ya fi tsoho ba. In matsalar ta soma ne washegarin sabuntawa, koma wanda ya gabata. Hanya mafi tsafta ita ce a shiga Safe Mode, a goge tsohon da manhajar DDU, sannan a sauke wani daga shafin Nvidia, AMD ko Intel kai tsaye. A kashe manhajojin da ke leƙowa saman gem, irin na Discord da Steam da masu naɗar bidiyo. Steam yana da wurin tantance fayilolin gem, ya sake sauke waɗanda suka lalace. Gem ɗin da ke ba da zaɓi tsakanin DirectX 12 da 11, a gwada ɗayan.

Gem ɗin da aka fasa aka tura maka a filas kuwa, ba ka da hanyar tantance shi, kuma an sha samun irinsu ɗauke da manhajar haƙar kuɗin kirifto a ɓoye, tana cin katin hotonka kana zaune. Ka ga katin yana aiki tuƙuru alhali ba ka buɗe komai ba? Binciki kwamfutar.

Rumbun ajiya ma a leƙa shi da CrystalDiskInfo. In ya nuna launin rawaya ko ja, kwashe muhimman fayilolinka tun kafin ka ci gaba da kowane gwaji.

## Abin da ya faru da Intel a 2024

Wannan labari yana nuna yadda saƙon da ke kan allo ke iya ɓatar da mutum. Masu firosesocin Intel zubi na 13 da na 14, musamman Core i9-13900K da 14900K, sun yi ta kukan gem na faɗuwa, da yawa da saƙon cewa ma'ajiyar katin hoto ta cika. Aka bar jaki ana dukan taiki: mutane suka yi ta canza direba da katin da lafiyarsa ƙalau. A watan Afrilun 2024 Nvidia ta rubuta a bayanan direbanta cewa masu wannan matsala su tuntuɓi Intel. A watan Yuli Intel ta amsa cewa firosesocin na neman wutar da ta wuce kima, wadda ke cinye su a hankali. Ta fitar da gyara mai lamba 0x129 a Agusta, da 0x12B a Satumba, ta kuma ƙara shekara 2 kan garantinsu.

Gyaran ta hanyar sabunta BIOS yake zuwa, kuma rigakafi ne kawai. Firosesar da ta riga ta lalace ba ta warkewa, sai canji. Duk mai shirin sayen irinta a hannu ya gwada ta sosai kafin ya biya. Haka katunan hoto na hannu: tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa, wasu fankarsu da mansu sun gaji.

## In abin ya kai ga mai gyara

Duk gwajin da za ka yi, canza abu ɗaya ka buga gem, kafin ka taɓa na biyu. In ka canza uku lokaci guda ta warke, ba za ka san wanne ne ba ranar da ta dawo. Manhajojin gwaji na taimakawa wajen ware sassan: FurMark yana matsa wa katin hoto shi kaɗai, Prime95 firosesa, OCCT kuma yana da gwajin da ke matsa musu tare don a ga ko akwatin wuta zai jure. Idonka na kan ma'aunin zafi, ka tsayar in ya kai iyaka.

Ka je shago da bayaninka a rubuce: wane gem, bayan minti nawa, zafi nawa, wace lamba ta fito, a wutar gari ko janareta. Laftof a tafi da shi tare da cajarsa. Ka roƙi mai gyaran ya jona wani akwatin wuta ko wata ram ko wani kati na gwaji, a buga gem ɗin a gabanka har ya wuce lokacin da ya saba tsayawa, kafin ka sayi sabon abu. In kuma an yanke shawarar fomatin, a kwafe maka fayilolinka da ajiyar gem ɗinka tukuna.