Dajin da ya tsira daga gatari, yanzu ƙwaro ke barazanar cinye shi

A jihar Pennsylvania ta Amurka akwai wani gandun daji da ake kira Cook Forest, inda wasu itatuwan hemlock suka haura shekara 300 a tsaye. Ke nan sun girmi ita kanta Amurka, wadda ta ayyana 'yancin kanta a 1776. Hemlock ba ya kaɗe ganye ko da hunturu. Inuwarsa ce ke sanyaya ƙoramu, har kifayen da ba sa jure ɗumi su samu wurin rayuwa.

A ƙarni na 19 an sare irin waɗannan itatuwa ba adadi saboda ɓawonsu, wanda ake jimar fata da shi, kamar yadda majemanmu ke yi da bagaruwa. Sau da yawa akan ɓare ɓawon, a bar gungumen ya ruɓe. Wannan yanki ya kuɓuta, gwamnatin jihar ta saye shi a ƙarshen shekarun 1920.

Sai dai doka gatari take hanawa, ba ta hana ƙwaro. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ɗan asalin Japan, da aka fara gani a jihar Virginia a 1951, ya iso dajin a 2013. Yakan maƙale a gindin ganye cikin wani farin abu mai kama da auduga, yana tsotse abincin itacen. Cikin shekara 4 zuwa 10 sai itacen ya bushe.

Yanzu ma'aikatan gandun na bin manyan itatuwan ɗaya bayan ɗaya da magani, wanda ƙarfinsa ke ƙarewa bayan 'yan shekaru, sai an sake. Duk itacen da aka rasa yau, ba a zamanin jikokinmu ma za a ga madadinsa ba.