Agwagwar Ƙanƙara da Agwagwar Tarauni: Wa Ke Yanke Farashi?

A dokar Najeriya babu wanda yake da izinin shigo da daskararren naman agwagwa daga waje, ko guda, ko yankakke, ko kayan cikinta. Haramcin ya haɗa ta da kaza da talo-talo da zabo, kuma yana cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa tun farkon shekarun 2000, zamanin mulkin Olusegun Obasanjo. Wanda ya ji haka zai ɗauka cinikin agwagwa tsakanin ƙasashe bai shafi mai sayen kaza a Kasuwar Tarauni ba, balle uwargidan da ke kiwon 'yan agwaginta a tsakar gida a Gyaɗi-Gyaɗi. Ya shafe su ƙwarai, sai dai ta bayan fage yake zuwa.

Ƙasar Sin ce uwa ma ba da mama a wannan harka. Fiye da kashi biyu cikin uku na naman agwagwar da ake samarwa a duniya can ake kiwonsa, can kuma ake cinye mafi yawansa. Abin da ke tsallaka iyaka kaɗan ne idan an gwada shi da cinikin kaza. Manyan masu fitarwa su ne Hangari da Polan da Faransa da Sin ɗin kanta da Tailan. Masu saye kuwa Jamus da Birtaniya da Jafan da Hon Kon na sahun gaba. Agwagwar da ake wannan ciniki da ita galibi farar nan ce da ake kira Pekin, wadda a sati shida zuwa bakwai take kai kilo uku. Wani kamfanin Ingila mai suna Cherry Valley ya shafe shekaru yana gyara irinta, har a 2017 kamfanonin Sin suka saye shi ɗungurungum. Wato iri ya tashi daga Sin, Turawa suka gyara, masu shi suka biya kuɗi suka mayar da abinsu gida.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, a kasuwar duniya ba kasafai ake cinikin agwagwa guda ba. Ana daddatsa ta ne, kowane sashe a kai shi inda ya fi daraja. Takardun kwastam ma sun raba: lamba 0207.42 ta daskararriyar agwagwar da ba a yanka gunduwa-gunduwa ba ce, 0207.45 kuma ta daskararren yankakken nama da kayan ciki. A Turai tsokar ƙirji ake so, sai cinya. A Faransa abin da ya fi komai tsada hanta ce, wadda ake samu ta hanyar ɗura wa agwagwa masara har hantar ta kumbura da kitse, aikin da ƙasashen Turai da dama suka hana a cikin iyakokinsu saboda azabtar da dabba, amma Faransa da Hangari da Bulgeriya suna yi. A Sin kuwa lissafin juyewa yake yi. Wuya da harshe da ƙafa da hanji da kai, abubuwan da Bature zai zubar ko ya niƙa wa karnuka, su ne masu tsada. Kilo ɗaya na harshe ya ninka kilo ɗaya na tsokar ƙirji. Akwai kamfanoni irin su Juewei da Zhou Hei Ya da suka girma har suka shiga kasuwar hannun jari, kuma jigon sana'arsu dafaffen wuyan agwagwa ne da yaji. Tsokar ta yi arha a can har an sha kama 'yan damfara suna shafa mata kitsen rago suna sayarwa da sunan naman tumaki. Gashin ƙirjin ma ba ya faɗuwa ƙasa banza, da shi ake cika rigunan sanyi da barguna masu tsada.

Da zarar sassa masu daraja sun mayar wa mai gona kuɗinsa, ragowar duk abin da aka ba shi riba ce. Wannan shi ne sirrin arhar daskararren naman da ya cika gaɓar Afirka ta Yamma. Ba'amurke da Bature sun biya kuɗin ƙirjin kaza, saboda haka fukafukai da baya da cinyoyi da tsofaffin kajin da suka gama ƙwai sai a loda su a kwantena mai sanyi a turo su a farashin da manomin Kumbotso ko Gezawa ba zai taɓa iya bi ba, domin shi kazarsa guda yake sayarwa, a kasuwa ɗaya. Gana ta bar ƙofa a buɗe, yau mafi yawan kajin da ake ci a can daga Turai da Amurka da Burazil suke zuwa. Najeriya ta rufe, sai kayan suka koma sauka a tashar Kwatano. Jamhuriyar Benin ta daɗe tana shigo da daskararrun kaji fiye da abin da mutanenta za su iya ci, kuma kowa ya san inda rarar take nufa. Attajirin nan Sébastien Ajavon, wanda ya zo na uku a zaɓen shugaban ƙasar a 2016, da shigo da daskararrun kaji ya yi suna har ake masa laƙabi da sarkin kaji. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya sa kaji cikin kaya 41 da ba za a ba su dala a farashin gwamnati ba, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 kuma aka rufe iyakokin tudu baki ɗaya. Fasa-ƙwauri ya ragu, farashi ya tashi, amma bai mutu ba.

Agwagwa ba ta cika shiga wannan ayari ba. Ɗan fasa-ƙwauri ba ya sayar da ransa a kan kayan da ba su da masu saye, kaza da talo-talo yake ɗauka. Masu neman agwagwar ƙanƙara a Kano tsiraru ne: manyan otal, gidajen abincin 'yan Sin, da baƙin da suka saba da ita a ƙasashensu.

To ta ina kasuwar duniya take taɓa mu? Da farko ta wajen abinci. Kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon kowane tsuntsu na gona a masara da waken suya yake tafiya. Lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, hatsi da taki suka yi tsada a ko'ina, kuma buhun masara a Dawanau bai tsira ba. A 2023 aka cire tallafin mai, aka saki naira. Dalar da ake saye wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Magunguna da allurar rigakafi da sinadaran da ake gauraya wa abincin kaji yawancinsu da dala ake sayo su. Gidajen gona da yawa sun rufe. Idan kazar gona ta yi tsada, mai cefane yakan waiga ga kazar Hausa da zabo, su ma sai su tashi, agwagwa ta bi bayansu.

Hanya ta biyu cuta ce, kuma a nan agwagwa tana da babban hannu. Cutar aladu da ta afka wa Sin a 2018 ta sa mutane suka koma wa kaza da agwagwa, farashi ya yi sama a 2019, masu kiwo suka yi rububi, daga baya ya faɗo. A Faransa murar tsuntsaye ta riƙa dawowa tun 2015, an hallaka miliyoyin agwagi a kudu maso yammacin ƙasar, har a Oktoban 2023 gwamnati ta wajabta yi musu rigakafi. Nan take Amurka da Jafan suka taƙaita sayen kajin Faransa, don gudun kada allurar ta ɓoye cutar. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da cutar a gonar Sambawa da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko da nau'inta na H5N1 ya ɓulla a nahiyar Afirka, gonakin Kano suka yi asara mai yawa, a 2015 kuma ta sake ɓulla a nan. Agwagin daji na tasowa daga Turai da Asiya su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru. Matsalar ita ce agwagwa tana iya ɗaukar ƙwayar cutar tana yawonta garau, alhali kaza kwana biyu ta ishe ta. Saboda haka keji ɗaya da aka cusa kaji da zabi da tantabaru da agwagi a layin 'yan kaji, ba don rashin kyan gani kawai likitocin dabbobi suke ƙorafi a kansa ba.

Agwagwarmu ta gida ma ba irin waccan fara ba ce. Ita ce mai jan tsiro a fuska, wadda asalinta daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne. Kwana 35 take kwanci a kan ƙwai, Pekin 28, kaza 21. Toron yakan kusa ninka macen nauyi, namansa ja ne, ba shi da kitse sosai. Ba ta da saurin girma, amma tana da juriya, ba ta kuma damu da cutar da ke share kajin gida lokacin sanyi ba. Dusa da ƙanzo da ragowar tuwo sun riƙe ta. Duk da haka mutane da yawa a Kano suna ƙyamar ta, wai tana kiwo a kwata. Laifin na kwatar ne. Agwagwar da aka killace aka ba ta ruwa mai tsabta halal ce, namanta kuma ba ya kasa na zabo.

A Tarauni da ido da hannu ake ciniki. Mai saye ya ɗaga tsuntsu ya ji nauyi, ya taɓa ƙirji, a yi tayi, "Alhaji, ƙara wani abu," "Albarka," har a daidaita. A yanka a gabansa da sunan Allah, 'yan figa su tsoma a ruwan zafi su fige, a ɗaure masa ƙundu da hanta a leda. Gashin da ake fitarwa waje da kuɗin ƙasashen ƙetare a Hangari, a nan juji yake tafiya. Ni dai ba na ganin wannan tsari a matsayin ci baya tsagwaronsa, domin ya warware wa Bakano abubuwa biyu da kwalin naman fasa-ƙwaurin da ya biyo daji ba zai warware ba: wa ya yanka, kuma yaushe. Burazil tana fitar da kaji masu shaidar halal zuwa ƙasashen Larabawa, gaskiya ne, amma kwalin da aka sauya wa mazubi a kan iyaka ba shi da takardar da za a duba.

Abin da ya hana mu daddatsa tsuntsu mu sayar da kowane sashe da darajarsa, kamar yadda waɗancan ƙasashen suke yi, rashin sanyi ne. Daskararren nama yana bukatar ya zauna a ma'aunin 18 ƙasa da sifili daga mayanka har tukunya, ba yankewa. A watan Afrilu zafin Kano yana haura 40. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga masu layin da ake kira Band A zuwa naira 225 kowane yunit, wanda ba ya kan wannan layi kuma gas yake ƙonawa a janareta. Kowane kilo da ke cikin firiza a shagunan Titin Zariya da Titin Gidan Zu yana ɗauke da wannan kuɗi a kansa. Ko Shoprite da ke Ado Bayero Mall, wadda ta saba wa mutanen wannan yanki da sayen nama a nannaɗe, ta rufe reshenta na Kano a Janairun 2024. A ganina hana shigo da nama ya ba manoman kaji numfashi, amma an tsare musu iyaka ne aka bar su da tsadar masara da rashin wuta, kuma waɗannan biyun su ne suke buɗe wa ɗan fasa-ƙwauri kasuwa.

Shi kuwa kwalin da ya yi kwanaki a bayan mota daga iyaka, narkewa yake yi ya sake daskarewa, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi cewa ana sa wa irin wannan nama sinadarin fomalin, wanda ake adana gawa da shi, don kada ya nuna lalacewa. Mai saye yana iya kare kansa da abubuwa masu sauƙi. Idan ƙanƙarar cikin leda ta yi ja da jini, ko guntayen sun manne sun zama dunƙule ɗaya, naman ya taɓa narkewa. Fatar da ta bushe ta yi fari-fari alamar daɗewa ce. A nemi sunan gonar da ranar yanka a jikin leda, a tambayi mai shago awa nawa firizarsa take samun wuta a rana. In an kai gida a narkar da shi a cikin firji, ba a rana ba, a dafa shi har ƙashi, wanda ya narke kuma kada a sake mayar da shi ƙanƙara.