Ma'aunin tasirin mujallar Radiology

Radiology mujalla ce ta binciken ɗaukar hoton cikin jikin marasa lafiya, wadda ƙungiyar RSNA ta likitocin hoto a Arewacin Amurka ke wallafawa tun shekarar 1923. Kamar sauran mujallun kimiyya, ana auna tasirinta ne da yawan ambaton maƙalunta a rubuce-rubucen masu bincike.

Yadda ake lissafi

Eugene Garfield, wanda ya kafa cibiyar ISI a birnin Filadelfiya, shi ne ya ƙirƙiro ma'aunin tare da Irving Sher. Ana fitar da shi duk shekara a rahoton Journal Citation Reports tun 1975, kuma kamfanin Clarivate ne ke kula da shi a yanzu. Ana ƙirga sau nawa aka ambaci abin da mujalla ta buga a shekaru biyun baya, sannan a raba da adadin maƙalun bincike da na bita da ta fitar a shekarun. Alal misali, idan maƙalu 400 suka samu ambato 2,000, ma'aunin ya zama 5.

Lokacin annobar korona

A farkon 2020 mujallar ta buga jerin maƙalu a kan hoton huhu na na'urar CT ga masu cutar korona. Ɗaya daga ciki, wadda Tao Ai da abokan aikinsa suka rubuta daga Wuhan a ƙasar Sin, ta kwatanta hoton da gwajin PCR a kan mutum 1,014, kuma an ambace ta sau dubbai. Ma'aunin mujallar ya tashi daga kimanin 11 na shekarar 2020 zuwa kimanin 29 na 2021. Da maƙalun suka fita daga zangon shekaru biyun, sai ya dawo kusan 12 a 2023. Ingancin mujallar bai ninka ba, bai kuma zube ba. Hankalin masu bincike ne ya karkata ga cuta guda na ɗan lokaci.

Suka

Ma'aunin matsakaici ne, don haka 'yan maƙalu kaɗan na iya ɗaga shi, alhali sauran ba su samu ko kusa da haka ba. Duk da haka wasu jami'o'i na dogara da shi wajen ƙarin girma da raba kuɗin bincike. Sanarwar DORA, wadda aka tsara a San Francisco a 2012, ta nemi a daina auna aikin mutum ɗaya da ma'aunin mujallar da ya buga a ciki.