Mece ce lasifikar kan kanta?

Ƙaramar lasifika ce ta sauraron kiɗa a ɗaki, ana ɗora ta kan kanta ko ƙafa. Bakuna biyu gare ta: babba na sauti mai kauri, ƙarami na siriri.

A cikin tsofaffi, LS3/5A ta yi suna. BBC ta tsara ta a shekarun 1970 domin motocinta na watsa shiri daga waje, shi ya sa muryar mutum ke fita tas, amma ƙugin ganga ba ta da shi sosai. A 2012 kamfanin KEF na Ingila, wanda ya ƙera bakunan waccan, ya fito da LS50, ya dasa ƙaramin bakin a tsakiyar babban, sautin ya riƙa bazuwa daidai.

Mai ƙaramin ɗaki mai son waƙa, tsohuwar ta ishe shi. Mai falo, sabuwar ta fi.